Ƙafar Inna ta Bayan Zana

Ina tafasa allurai a kan risho da hantsi, ranar wata Talata cikin kaka, sai na hango ƙanin matata yana jingine keke a jikin tsamiyar da ke ƙofar ɗakin shan magani na Rano. Shi mutum ne da ba ya zuwa wurina sai da tsokana. Tun daga nesa yakan fara cewa in ɓoye allurata, ga mai lafiya ya zo. Ran nan bai ce komai ba. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa. Kafin ya buɗe baki na riga na sauke tukunyar.

"Yaya, Inna ta cika," in ji shi. "Bayan sallar asuba. An ce a jira ka zuwa azahar."

Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na maimaita har sau uku. Amma ba zan ɓoye abin da ya fara faɗo mini a rai ba, ko da yake ba shi ya kamata ya fara faɗowa ba. Ƙafarta ce. Surukata ta shekara goma sha huɗu da gyambo a ƙwauri, ni na yi mata magani, kuma shekara shida ke nan ban san ko ya warke ba. Na san dai abu ɗaya da take tsoro a duniya, kada a sa ta a likkafani ciwon yana zuba.

Na jawo aljihun tebur na ɗauko wani ƙunshi da na daɗe da ajiyewa saboda wannan ranar, bandeji biyu sababbi da farar auduga, naɗe a takarda. Na sa shi a aljihun riga, na bar wa abokin aikina masu jiran magani, muka hau kekuna muka nufi Kibiya.

Mun tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin ceɗiya. Mutane sun baro gyaɗarsu a gona sun zo, wasu ma da ƙasa a ƙafafunsu. Liman yana zaune yana jan carbi. Masaƙin unguwa, wanda ya yi kusan shekara ashirin yana saƙa zarenta, bai zauna ba, yana tsaye ya jingina da bango, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Zarenta bai taɓa tsinke mini a masaƙa ba." Ba wanda ya tambaye shi, amma haka ya yi ta faɗa. Wata Bafulatana mai tallan nono daga rugar da ke wajen Madachi ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gida, ta zauna a ƙasa ta ƙi shiga. Ta ce ita yanzu ba ta san inda za ta riƙa hutawa da rana ba. Daga cikin gida ana jin kukan mata ƙasa-ƙasa, sai kuma wata murya ta tsawatar musu.

"Ku rage. Tana da rai ma ba ta son hayaniya."

Na gane muryar. Gwaggo ce, 'yar kawun Inna kuma abokiyar wasanta, wadda ke zaune a Rano bayan kasuwa. Ta zo jinya tun kwana uku da suka wuce, tare da matata.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda masu gaisuwa suke rufe maganarsu. Kusan kowa, bayan ya ce Allah ya jiƙanta, sai ya ƙara da cewa, "Ta huta da ƙafar nan." Wani dattijo ma ya dube ni ya ce, "Malam, kun yi ƙoƙari. Wani ciwon ba ya jin allura." Na ce haka ne. Ƙunshin yana aljihuna, ina jin sa a jikin cinyata.

Na aika a yi mini sallama da Gwaggo. Ta fito zaure ta ɗaure zane a ƙugu, hannunta da danshi, domin Inna ta bar wasiyya ita za ta yi mata wanka. Na tsuguna na miƙa mata ƙunshin.

"Gwaggo, saboda ƙafar. A ɗaure da kyau kafin a sa likkafani. Ba sai kowa ya gani ba."

Ta dubi ƙunshin, ta dube ni. Ta karɓa, ta koma ciki. Na dawo kan tabarma na zauna jira.

Ina rubuta wannan ne saboda jikokinta, waɗanda za su tashi suna jin an ce kakarsu tsohuwa ce mai sanda da ɗaurarriyar ƙafa, su ɗauka iyakar labarin ke nan.

An haife ta kafin Turawa su iso ƙasar Kano. Takan ce ta ga Bature na farko ne tana goye da ƙaninta, kuma abin da ya ba ta mamaki bai wuce yadda wuyansa ya yi ja ba. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana da maza, amma in tana cikin mata sai ka ji dariya na tashi daga inda take. Ni duk wannan ji nake yi daga bayan katanga. Shekara goma sha bakwai ina auren 'yarta, ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba. "Mutumin Rano" take ce mini. Matata kuwa 'yar fari ce, don haka ita ma ba ta da suna a bakin Inna, "waccan" ce.

Shekarar da na yi aure mun taɓa yin kiciɓis a wata siririyar hanya tsakanin gonakin dawa. Ina tura keke, tana tahowa da sandarta. Kafin in gama cire takalmi in tsuguna, ta riga ta faɗa cikin dawa da ƙafar tata. Na tsuguna ina jiran ta fito ta wuce. Ita kuma tana ciki tana jiran in tashi in wuce. Mun daɗe a haka, rana tana dukana, har wani mai jaki ya iso ya ce, "Malam, ko tayar ce ta sace?" Sai a lokacin na gane ba za ta fito ba. Bayan kwana biyu saƙo ya iso wa matata ta bakin Gwaggo, wai a gaya wa mutumin Rano ya iya tsuguno, amma dawa tana da ƙaiƙayi.

Ciwon ya samo asali ne daga abin da bai kai a kula da shi ba. Kututturen kara ya karce ta a ƙwauri tana tsinkar auduga. Wurin ya yi ƙurji, ƙurjin ya fashe, ya ƙi rufewa. Kafin damina ta zagayo ya buɗe kamar bakin ludayi. An sa garin bagaruwa, an sa toka, an ɗaura ganyaye, an sha rubutu. Wanzamin gari ya ƙona gefen ciwon da ƙarfe har sau biyu. Da ya dawo zai yi na uku, sai ta ce masa daga cikin ɗaki, "Ka ƙona ni sau biyu, na yi maka godiya sau biyu. Na ukun ka fara gwadawa a taka ƙafar, in ta yi kyau ka zo." Ya yi fushi, suka shekara ba sa ga-maciji.

Kafin ciwon fura take yi ta sayarwa, kuma an ce har daga Lausu ana aiko saye. Ba wanda ya ce mata ta daina. Ita ce ta lura masu saye sun fara tsayawa daga nesa suna miƙo ƙwarya, sai ta kife turminta ta ɗauki mazari. Ta ce zare ba a cin sa. Tun daga nan in ana biki ko suna, takan zauna can bakin ƙofa inda iska ke fita, da kaskon turaren wuta a gefenta, tana kaɗi tana korar ƙudaje da gefen mayafi. In an ce, "Inna, yaya ƙafa?" amsarta ɗaya ce, "Tana gaishe ka."

Akwai wani aikin da ta bari wanda ya fi furar yi mata ciwo. Tana cikin matan da ake kira in an yi rasuwa su yi wa mamaciya wanka. Ta san abin da masu wanka suke gani, ta kuma san ba dukansu ne suke iya riƙe bakinsu ba. Gwaggo ta gaya mini Inna ta taɓa ce mata, "Ni ba mutuwar nake tsoro ba. Masu wankan nake jin kunya. A ce an naɗe ni a fari, kafin a kai ni kushewa ya jiƙe."

Sau uku tana kaɗa zare, a saƙa mata fari ta ajiye a tukunya da sunan likkafaninta, sau uku tana bayar da shi. Na farkon ma uwar wanzamin nan aka sa a ciki, lokacin da ta rasu ba a sami abin sutura ba, kuma a lokacin shi da Inna ba su shirya ba tukuna. Ta ɗauko ta ba da a kai masa, ta ce kada a faɗi daga inda ya fito. Ya gane saƙar. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta yana hawaye, ita kuma ta ce masa, "Ka tashi, ba na son a ƙona ni da kuka kuma." Gwaggo takan tsokane ta ta ce ba kirki ba ne, tsoron ɓata farin take yi shi ya sa take rabarwa. Inna takan ce, "Rabi da rabi."

Ni ma na yi nawa ƙoƙarin tun farkon aurena. A lokacin abin da muke da shi a ɗakin shan magani bai wuce aidin da jan ruwan wanke ciwo da bandeji ba. Na aika mata. Ta dawo da bandejin yadda yake, ta ce abu mai haske haka ba a ɓata shi a ƙafar tsohuwa. Na ji haushi, na ce wa matata ba zan sake ba. Na sake, ta sake dawowa da shi.

Bayan an gama yaƙin duniya na biyu da 'yan shekaru, likitan da ke zagayo mana daga Kano ya zo da wasu ƙananan kwalabe masu murfin roba. Ya ce sunan maganin fanisilin. Mutane kuwa farar allura suka sa masa, domin kamar madara yake a cikin kwalba. Ya yi mana bayani cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin naman ciwo, maganin kuma ta cikin jini yake bi ya kashe su. Ya ce sharaɗi uku ne, a cika adadin allurar ko da mutum ya ji sauƙi, a wanke ciwon kullum, a rufe shi. Ya kuma ja mana kunne cewa tsohon gyambo sai da haƙuri, wani yakan rufe, wani yakan dawo.

Wanda na fara yi wa wani falke ne mai jakunan kanwa. Ran na uku da na kwance masa ƙafa, warin ya ɗauke. Ran na bakwai na ga jan nama sabo yana tasowa daga gefe. Na tsaya ina kallo har mutumin ya ce, "Malam, lafiya?" Ba shi nake gani ba.

Na aika Kibiya sau uku. Sau uku amsa tana dawowa, "A gaida mutumin Rano." Ba ta ƙi maganin ba. Matsalar ita ce a duk ƙasar nan ba mai yin farar allura sai ni, allurar kuma a cinya ake yin ta, ciwon ma dole mai magani ya gani da idonsa. Matar da ta gwammace ƙaiƙayin dawa da ta wuce ta gabana, yaya za ta ɗaga mini zane?

Gwaggo ce ta warware. Wata ranar kasuwa ta shigo ɗakin shan magani ta wuce masu layi kamar ba ta gan su ba.

"Kai ɗan boko, allurar taka tana da ido?"

"Ba ta da shi, Gwaggo."

"Hannunka fa?"

"Shi ma babu. Amma dole in ga ciwon."

"Ciwon za ka gani, wa ya ce ita za ka gani? Ƙafa mai ciwo ba ta da suruki. Ka zo gidana jibi da hantsi, ka sa kakin nan naka na En'e. Kada ka zo da babbar riga, in ka zo da ita surukinta ne ya zo, ba za ta fito ba."

Da na je na tarar ta ɗauko Inna daga Kibiya zuwa gidanta, ta sa an kafa sabuwar zana a tsakar gida, an yanka mata ƙofa daga ƙasa, faɗinta bai fi na faifai ba. Na yi sallama, Gwaggo ta amsa ita kaɗai. Na tsuguna na buɗe akwatina. Sai na ji motsi a bayan zanar, an jawo turmi an zauna. Can sai ga ƙafa ta leƙo ta ƙofar a hankali, har zuwa saman gwiwa, ɗaure da tsumma.

Na kwance tsumman. Ba zan siffanta abin da na gani ba. Na dai gane dalilin kaskon turare, na kuma gane irin haƙurin matar da ke bayan zanar.

Ba ma magana da juna. Ni da Gwaggo nake, ita ma da Gwaggo take, alhali tsakaninmu bai fi kamu biyu ba.

"Gwaggo, a gaya wa mai ƙafa za ta ji zafi kaɗan."

"Ke, wai za ki ji zafi."

"Na ji shi, ba kurma ba ce ni. A ce wa malamin allura ya yi aikinsa."

Na yi. Ƙafar ba ta ko motsa ba.

"A tambaye ta yaya ta ji."

"A ce masa rina ta fi shi iya harbi."

Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina haɗa kayana, don kada a ji tawa.

Haka muka yi kwana bakwai ana allura, daga nan sai wanki da ɗauri kullum da hantsi. Ran na huɗu Gwaggo ta ɗauke kaskon turaren ta ce yana sa ta tari. Inna ta ce a dawo da shi. Gwaggo ta ce, "Me za ki rufe? Sunsuna ki ji."  Daga bayan zana na ji Inna tana jan hanci, ban sani ba ko sunsunawar ce. Da likita ya zagayo na gaya masa yadda ciwon yake, ya ce a ƙara wasu kwana bakwai, aka ƙara. Ta so ta yi gardama a nan, ta ce ai ta ji sauƙi, a ba wani mabuƙaci sauran. Na ce Gwaggo ta gaya mata in aka tsaya a tsakiya ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Ta ce, "A ce masa shi da ya san kaɗi, da ya san ba a gaya mini illar barin abu a tsakiya." Ta miƙo ƙafar.

Wata biyu muna haka. Ciwon ya tashi daga bakin ludayi ya koma kamar ɓarin goro, daga nan ya koma kamar farcen babban yatsa. Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Aka tura ni ƙauyuka yin lamba, wato rigakafi, na kwana goma sha biyu, na bar wa Gwaggo jan ruwa da bandeji, na nuna mata yadda ake yi. Ina can ruwan farko ya sauka. Ranar da na dawo ban ko je gida ba, na wuce bayan kasuwa da kakina. Na tarar an ɗinke ƙofar zanar da tsohon faifai.

"Ta tafi shekaranjiya," in ji Gwaggo. "Autanta ya zo da jaki. Ta ce shuka ba ta jira. Ta ce a gode wa malamin allura, aikinsa ya ƙare."

"Ya rufe?"

"Je ka ɗaga zanenta ka duba mana."

"Gwaggo, don Allah."

"Ni ma don Allah. An sa ni na yi alkawari, ka bar ni."

Na aika Kibiya cewa a sake kafa zana sau ɗaya kawai in duba. Aka ce a gaishe ni. Na tambayi matata ko ta gani, ta ce, "Ni? Ko sunana ba ta faɗa, ƙafa za ta nuna mini?" Na tambayi autan, ya ce ya tambaye ta, ta ce ƙafar tana gaishe ni. Da na je gaisuwar salla na hango ta daga zaure tana wucewa, ƙafar tana ɗaure da tsumma kamar da, sandar tana hannunta, ƙamshin turare yana tashi daga ɗakinta. A wurin aiki kuwa na ga waɗanda ciwonsu ya dawo bayan sun koma gona da wuri. Sai na yanke wa kaina cewa nata ma ya dawo, kunya ce ta hana ta faɗa. Na ci gaba da aika bandeji da jan ruwa duk wata. Wannan karon ba ta dawo da ko ɗaya ba, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin shaida. Shekara shida ina ɗauke da wannan, ina ganin laifina ne da na tafi yin lamba.

Abin da nake juyawa a raina ke nan a kan tabarmar nan ta gindin ceɗiya, har aka ce ana kirana a zaure.

Gwaggo ce. Ta sauke zanen daga ƙugu, idanunta sun yi ja. Ta miƙo mini ƙunshina. Takardar tana nan yadda na naɗe ta, ba a ko kwance ba.

"Ungo kayanka. Ba mu sami inda za mu ɗaura ba."

Na kasa karɓa.

"Tabo ne kawai, fari, sumul kamar bayan ƙwarya. Tun kana wajen lambarka ya rufe. Na wanke ƙafar nan yau har tsakanin yatsu, na sa matan da ke wurin duka sun duba. Farin da aka naɗe ta a ciki, ko ɗigo babu."

Na zauna a dakalin zauren. Na yi ta cewa alhamdu lillahi. Sannan na ce, "To me ya hana ta bari in gani? Sau ɗaya kawai na roƙa."

"Kai dai karatun naka bai kai nan ba," in ji Gwaggo. "Mai ciwo ce take miƙa wa malamin allura ƙafa. Da ya warke, wa za ta miƙa wa? Surukinta? Ai ranar da ta ƙi nuna maka, ranar ta gaya maka. Da yana nan da ta kafa zana."

"Tsumman fa? Da turaren?"

"Tsumman saboda bakin mutane. Ta ce in aka yi ta cewa ta warke ta warke, zai ji ya dawo. Shi ya sa ta ɗaure ni da alkawari har sai na yi mata wanka. Turare kuwa son sa take yi, laifi ne?"

"Bandejin da nake aikowa duk wata..."

"Matan Kibiya da suke zuwa maka da ciwo a wanke a ɗaure irin ɗaurinka, kana tsammani aljanu ne suke ɗaura musu? Ita ce. Ta ɗaure ta ce su tafi Rano wurin mai farar allura, kada su ji tsoro, rina ta fi shi zafi."

Na tuna da su. Sukan ce an turo su ne, ban taɓa tambayar wanda ya turo ba.

Aka fito da makara. Na shiga cikin masu ɗauka, ta ɓangaren ƙafafu. A hanyar maƙabarta dattijon nan ya sake matsowa kusa da ni ya ce ta huta da ƙafar nan. Na ce masa, "Baba, ta daɗe da hutawa." Bai gane ba, ni ma ban ƙara ba. Kafin la'asar matan da suka yi wanka sun gaya wa kowa, kuma wannan karon ba wanda ya ga laifin bakinsu.

Na yi kukan rashinta, har yanzu ina yi in na ga mace tana kaɗi a bakin ƙofa. Amma ban taɓa dawowa daga jana'iza zuciyata da sauƙi kamar ran nan ba. Abin da ta roƙa ta samu. Allah ya sa yadda ta tafi da tsabtar jiki, haka ta tarar da littafinta. Allah ya yalwata mata kabari, ya saka mata da suturar da ta yi wa wasu.

Ran sadakar uku, muna shirin komawa Rano, Gwaggo ta fito da wata ƙwarya rufe da faifai ta ajiye a gabana. Curin zare ne a ciki, siriri, irin wanda ban taɓa ganin ta kaɗa wa kowa ba.

"Bayan ta gama na likkafaninta ta fara wannan. Idonta ya rage, shi ya sa ya daɗe. Ta ce rigar malamin allura ce." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ta ce in gaya maka ba ta surukinta ba ce, shi ba ruwanta da shi."

Na kai wa masaƙin. Ya ɗaga curin ɗaya bayan ɗaya yana auna su a tafin hannu, ya ce sun ɗan haura rabin abin da riga za ta ci, kuma a Kibiya yanzu bai san mai kaɗa irinsa da za ta cika ba. Ƙwaryar tana nan a ɗakina. Mazarin yana ciki, da sauran audugar da ba ta gama kaɗawa ba.